Dibaga

dibaga (suna, mace, jam'i: dibagogi) Manhajar da mai rubuta shirin kwamfuta ke amfani da ita ya tsayar da shirinsa yana cikin gudu, ya leƙa abin da ke cikin ma'adana, ya bi umarni ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda kuskure ya ɓuya. Fitacciya a cikinsu ita ce GDB, wadda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986.

A ƙananan na'urori, irin guntun kwakwalwar da ke cikin mitar lantarki ko injin wanki, aikin ya fi wuya, domin guntun ba shi da allo, ba shi da sararin ɗaukar dibagar. Don haka a kwamfutar tebur ake harhaɗa shirin, da kompaila mai fitar da umarnin wata kwakwalwa daban, kamar arm-none-eabi-gcc ga dangin ARM Cortex-M. Sai a jona na'urar da kwamfutar ta wani ɗan akwati kamar ST-Link, ta hanyar JTAG ko SWD mai wayoyin sigina biyu kacal. Manhajar OpenOCD ce ke shiga tsakani, tana jiran GDB a ƙofa ta 3333.

A kula: in ba a sa alamar -g lokacin harhaɗawa ba, dibaga ba za ta nuna da yawa daga cikin sunayen da ka raɗa wa abubuwa ba, sai lambobi tsagwaronsu. Wannan mantuwar tana wahalar da masu koyo ƙwarai.

Misali: *Da na jona dibaga, nan take na ga inda shirin yake maƙalewa.*