Aikin atomik a kanel ɗin Linux

Aikin atomik shi ne sauyin da ake yi wa wani adadi a ma'adanar kwamfuta a tashi ɗaya, ta yadda babu CPU ɗin da zai riske shi rabi da rabi. Linux na amfani da nau'in atomic_t domin haka.

Sai dai CPU kan sauya jerin karatu da rubutu don ya yi sauri. Ƙa'idar LKMM, wadda ta shiga Linux 4.17 a shekarar 2018, ta fayyace iyakar wannan sauyi. Misali, atomic_inc() ba ya tsare jeri, amma atomic_inc_return() yana tsarewa gaba da baya. A nan masu rubuta manhaja suke yawan tuntuɓe. Da wata manhaja mai suna herd7 ake jarraba ƙa'idar.