Me ya sa ake cewa "went" ba "goed" ba?

Ka tuna ranar da aka fara koya maka lokacin da ya shuɗe a darasin Turanci? Malam ya rubuta a allo: "walk, walked", "play, played". Abu mai sauƙi, ka liƙa "-ed" a ƙarshen aikatau, shi ke nan. Kai ma ka ɗauki biro ka rubuta "goed", sai ga jan biro ya hau kanta. Aka ce maka "went" ake cewa. Ka tambayi dalili, aka ce haka Turanci yake, ka haddace kawai.

To, akwai dalili, kuma ya haura shekara 500. A gaskiya "went" ba 'yar gidan "go" ba ce. Ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba. Aro aka yi daga maƙwabta, aron ya zama gado.

Bari mu koma Ingila ta zamanin Tsohon Turanci, wato daga wajen shekarar 450 zuwa 1100. A lokacin, kakar "go" ita ce "gān". Idan mutum zai ce "ya tafi", sai ya ce "ēode". Dubi kalmomin nan biyu da kyau: babu kama ko kaɗan. Ashe tun a rubuce-rubucen farko da suka iso gare mu, wannan aikatau da baƙuwar kalma yake bayyana abin da ya wuce. Da tafiya ta yi tafiya, "ēode" ta koma "yede" ko "yode" a bakin mutane.

A gefe guda kuma akwai wani aikatau, "wendan", mai ma'anar juyawa, karkatawa ko kama hanya. Har gobe Jamusanci na da 'yar'uwarta, "wenden", da ma'anar juyawa. A Turanci ta gajarce ta zama "wend", kuma shuɗaɗɗen lokacinta shi ne "went". Wannan ba wani abin mamaki ba ne, don ka san irinsa: "send, sent", "bend, bent", "spend, spent". Ka ga "wend, went" a layinsu take.

Da yake wanda ya kama hanya tafiya ya yi, sai ma'anonin biyu suka riƙa shiga juna. An daɗe ana amfani da "yede" da "went" kafaɗa da kafaɗa. Mawaƙi Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya yi amfani da duka biyun. Amma cikin ƙarni na 15 "went" ta yi rinjaye a kudancin Ingila. A daidai wannan lokaci, a 1476, William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a ƙasar, a Westminster, kuma Turancin yankin Landan ne ya fi shiga littafi. Abin da ya shiga littafi kuwa, da wuya ya fita.

Ita "wend" fa? An kwashe mata kaya, sai ta ƙera sabo bisa ƙa'ida: "wended". Yau da ƙyar za ka ji ta, sai a tsohon salon magana. Ga kuma abin dariya: can arewa, a harshen Scots na Sikotilan, ba su yi wannan aro ba. Suna cewa "gae", shuɗaɗɗensa "gaed". Wato "goed" ɗinka ta firamare, da a can ka rubuta kusan irinta, da ka ci maki.

Masana harshe sun ga irin wannan haɗin gambiza a harsuna da yawa, kuma abin lura shi ne kalmomin yau da kullum ya fi kamawa. A Faransanci, aikatau na tafiya gida uku ya haɗa: "je vais", "nous allons", "j'irai". Kafin ka yi musu dariya, saurari bakinka. Kana cewa "na je kasuwa jiya", amma "ina zuwa kasuwa kullum". Ina "je" ta shiga? "Zuwa" ai ta gidan "zo" ce, "je" ta ara. Ka faɗe ta sau dubu ba ka taɓa jin wani abu ya karkace ba.

A nan tambaya ta gaske take. Tunda "-ed" ta fi sauƙi, me ya hana ta cinye "went"? Ai ta cinye wasu da yawa. A da "help" tana da "holp", yau "helped" ake cewa. A 2007 wasu masu bincike na Jami'ar Harvard, ciki har da Erez Lieberman da Jean-Baptiste Michel, sun wallafa nazari a mujallar Nature. Sun bi sawun aikatau 177 da ba sa bin ƙa'idar "-ed" a Tsohon Turanci. Zuwa Turancin tsakiyar zamani saura 145, yau kuma saura 98. Waɗanda suka miƙa wuya ba kara-zube suka yi ba: aikatau da ake amfani da shi ƙasa da wani sau 100, yakan rungumi "-ed" da sauri sau 10.

Dalilin a fili yake. Kalmar da ba ka cika ji ba, idan ka buƙace ta sai ka lalube ta ka rasa, sai ka koma ga ƙa'ida. Amma "went" yaro na jin ta safe da yamma, ba ta samun damar ɓacewa. Yawan amfani ne ke tsare ta, kamar hanyar ƙafa da ciyawa ba ta rufewa saboda kullum ana bi.

Su kansu 'ya'yan Turawa sukan faɗa ramin da ka faɗa. Da fari yaro kan kwaikwayi "went" daidai. Da ya gano ƙa'idar "-ed" sai ya fara cewa "goed", wani lokaci har "wented", daga baya ya dawo kan "went". Masu nazarin yadda yara ke koyon harshe ba sa ɗaukar wannan a matsayin koma-baya. Alama ce cewa ƙwaƙwalwar yaron ta daina kwaikwayo zalla, ta fara ciro doka da kanta.

Abu ɗaya za ka riƙe don amfanin gobe. Aron bai shafi gidan gaba ɗaya ba: "gone" ta asali ce, daga "gān" ta fito. Shi ya sa a daidaitaccen Turanci ake cewa "she went", amma "she has gone", ba "she has went" ba. Haka 'ya'yan gidan suka gada: "undergo, underwent, undergone".

Saboda haka idan ƙaninka ko 'yarka ta kawo maka littafi da "goed" a ciki, gyara mata, amma kar ka ce mata haka kawai Turanci yake. Faɗa mata ta bi doka daidai, kalmar ce ta zo da tsohon bashi tun ƙarni na 15.