Ya Da Zango A Filin Jirgin Sama: Ƙa'idojin Wucewa Ba Tare Da Biza Ba

Ya da zango ba baƙon abu ba ne ga mutumin Kano, domin tun zamanin fatake wannan birni masauki ne na masu wucewa. Ayarin Buzaye da ke zuwa da gishiri da kanwa daga arewa a Fagge yake sauke kaya, a bayan ganuwa, sannan a cikin birni har yau akwai unguwanni irin su Zangon Barebari da Agadasawa da Tudun Nufawa da Dandalin Turawa, waɗanda sunayensu kaɗai sun isa shaida a kan baƙin da suka sauka a cikinsu. Haka kuma maniyyata aikin hajji daga yammacin Afirka a nan suke tsayawa su yi guzuri kafin su miƙa gabas ta Barno da Sudan. A wancan lokaci baƙo yana buƙatar mai masauki wanda zai tsaya masa a gaban hukuma. A yau fasfo da tikiti da biza su ne suka maye gurbin mai masaukin.

Da zuwan jirgin sama ma Kano ba ta rasa wannan matsayi ba. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan Ingila guda uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, a tafiyar da ita ce ta farko da jirgin sama ya zo Nijeriya. A 1936 aka fara jigila tsakanin Khartum da Kano, daga baya kuma birnin ya zama wurin shan mai ga jiragen da ke tafiya tsakanin Turai da kudancin Afirka, har zuwa lokacin da aka ƙera jirage masu dogon zango. Yanzu al'amarin ya juya: 'yan kasuwar Kwari da Kurmi da Wambai, da ɗalibai, da masu zuwa umara ko neman magani, su ne ke tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano su ya da zango a Adis Ababa ko Alƙahira ko Doha ko Jidda kafin su isa inda suka nufa. An shirya wannan bayani ne domin su, da kuma hakimai da dagatai da jami'an ƙananan hukumomi waɗanda jama'a ke zuwa wurinsu neman shawara.

Zama a ciki da fita waje

Abu na farko da ya wajaba matafiyi ya fahimta shi ne, filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa kashi biyu ne. Akwai ɓangaren masu jiran canjin jirgi, wanda duk wanda ke cikinsa a idon doka bai shiga ƙasar ba tukuna, sannan akwai abin da ke bayan teburin jami'an shige da fice, wanda shi ne ƙasar kanta. Idan aka ce wata ƙasa tana barin a wuce ba tare da biza ba, galibi ana nufin zama a ɓangaren farko ne kawai, na tsawon lokacin da yawanci ba ya wuce awa 24. Fita zuwa cikin gari wani izini ne dabam, kuma ya danganta da fasfon da mutum ke riƙe da shi. Abin da aka yarje wa mai fasfon Ingila ko Amurka ba lalle ne an yarje wa mai fasfon Nijeriya ba, ko da kuwa kujerarsu ɗaya a cikin jirgi.

A nan ne maganar tikiti take da nauyi ƙwarai. Wanda ya sayi tikiti guda daga Kano har zuwa ƙarshen tafiyarsa, ana auna masa kaya sau ɗaya, kamfanin jirgi ya ɗauki nauyin mayar da su cikin jirgi na biyu, shi kuwa ya zauna a ɓangaren masu jira. Amma wanda ejan ya haɗa masa tikiti biyu na kamfanoni dabam-dabam saboda neman rahusa, sau da yawa tilas ne ya karɓi kayansa a zangon ya sake kai su awo, kuma wurin karɓar kaya yana bayan jami'an shige da fice. Wato dai yana buƙatar biza, ko da mintoci kaɗan zai yi. Kamfanonin jirage ana cin su tara idan suka kai mutum ƙasar da ba shi da izinin shiga, saboda haka tun a Kano, a wurin awon kaya, za su duba kundin ƙa'idojin da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya ke tanadarwa a kwamfuta, su hana shi hawa. Mutum ya sayar da amfanin gona ko shanu ya haɗa kuɗin, ya yi sallama da dangi, sai ya koma gida da yamma da tikitin da ba a mayar da kuɗinsa. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Ya kamata kafin a biya a tambayi ejan kai tsaye: tikitin ɗaya ne ko biyu, kuma kayan za su wuce har ƙarshe ko kuwa?

Ƙasashen da mutanenmu suka fi bi

Habasha. Kamfanin jiragen Habasha yana zuwa Kano, kuma yana da tsarin sauke fasinjan da jiransa ya kama daga awa 8 zuwa 24 a otal a Adis Ababa, idan babu wani jirgin da zai ɗauke shi kafin nan. Kamfanin ne ke shirya takardar izinin fita da motar da za ta kai mutum ta komo da shi. Sai dai ba kowane tikiti ne ya ƙunshi wannan ba, don haka a tabbatar tun daga Kano, a kuma karɓi takardar otal tare da katin shiga jirgi. Garin yana kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,300, da dare akwai sanyi ko da a bazararmu, saboda haka rigar sanyi ta kasance a jakar hannu. Wani abin lura kuma, mutanen Habasha suna fara ƙidayar awanninsu ne daga wayewar gari, abin da muke kira ƙarfe 7 na safe su ƙarfe 1 suke ce masa. A dogara da lokacin da ke rubuce a katin shiga jirgi.

Saudiyya. A watan Janairu na 2023 ƙasar ta fito da bizar ya da zango ta awa 96 ga masu tafiya a jiragen Saudia da flynas, wadda ke ba mutum damar yin umara da ziyarar Madina kafin ya ci gaba da tafiya. Wannan biza ce, ba wucewa babu biza ba, kuma a lokacin sayen tikiti ake neman ta. Sharuɗɗan waɗanda suka cancanta suna sauyawa, musamman idan hajji ya ƙarato, saboda haka kada kowa ya ɗaura niyya a kanta sai kamfanin jirgin ya tabbatar masa a rubuce. Ba a aikin hajji da ita, kuma wanda ya zarce wa'adinsa ya jawo wa kansa tara da kora da hana shiga ƙasar na shekaru.

Sin. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou sun sha jin labarin cewa ana shiga ƙasar ba biza. Gaskiyar maganar ita ce, a watan Disamba na 2024 Sin ta tsawaita izinin wucewa zuwa awa 240, wato kwana goma, amma ga 'yan ƙasashe 54 da ta lissafa a lokacin, kuma Nijeriya ba ta cikinsu. Abin da ya shafi kowa shi ne izinin awa 24 ga wanda ke da tikitin wucewa zuwa wata ƙasa ta uku. Wanda ya tashi daga Kano zuwa Guangzhou ya komo Kano ba mai wucewa ba ne, bizar kasuwanci ce ta kama shi.

Turai da Amurka. Nijeriya tana cikin ƙasashen da yankin Shengen, wanda ya haɗa da Faransa da Jamus da Holan, ya wajabta wa 'yan ƙasarsu bizar wucewa ko da ba za su fita daga ɓangaren masu jira ba. Ingila ma tana da irin wannan doka. Akwai rangwame ga masu riƙe da ingantacciyar bizar wasu ƙasashe kamar Amurka da Kanada, amma sai an bincika. Amurka kuwa tun 2003 ta dakatar da wucewa ba biza gaba ɗaya.

A Santambul kamfanin jiragen Turkiyya yana zagayawa da masu dogon jira cikin gari kyauta, amma kyautar ba ta ɗauke wa mai fasfon Nijeriya neman biza ba. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Nijeriya biza a 2022, sai a Yulin 2024 aka sanar da ɗage dakatarwar, wanda ke nuna yadda ƙofa kan rufe ba zato.

Yadda za a ci moriyar lokacin jira

Da sauka, kafin abinci ko barci, matafiyi ya nemi allon da ke nuna tashin jirage ya gano ƙofar jirginsa, ya kuma gyara agogonsa. Adis Ababa da Jidda da Doha suna gaban Kano da awa 2, Dubai da awa 3, Guangzhou da awa 7. Magani da caja da kayan sawa kala ɗaya da ɗan kuɗin ƙasar waje su kasance a jakar hannu, tare da katin allurar rigakafin shawara, wadda tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Fasfo kuma ya rage masa aƙalla wata shida.

Manyan filayen da aka ambata suna da wuraren salla, kuma yana da kyau a tambayi malamai hukuncin ƙasaru da haɗa salloli tun kafin a bar gida. Ga mai zuwa umara ta Adis Ababa ko Alƙahira, zangon shi ne wurin da ya fi dacewa ya yi shiri ya sa haraminsa, domin jirgi yana ƙetare miƙati ne a sararin sama kafin ya sauka Jidda, kuma sauya tufafi a cikin jirgi akwai wuya. Wannan kuwa ba zai yiwu ba idan an kulle haramin a babbar jakar da ta wuce awo.

Ana jawo hankalin jama'a da babbar murya cewa kada a karɓi saƙon kowa, a Kano ko a zango, komai ƙanƙantarsa, komai kuma kamalar mai bayarwa. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Nijeriya a Saudiyya saboda ƙwayoyi da aka samu a jakar da aka liƙa wa sunanta a Kano ba da saninta ba, sai a Afrilun 2019 aka sake ta bayan bincike ya wanke ta. Don haka a ƙidaya takardun shaidar kaya da aka manna a tikiti, a tabbatar sun yi daidai da yawan jakunkunan da aka bayar.

Idan Kano ce zangon

Su ma baƙi suna ya da zango a nan, musamman 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke zuwa ta mota su hau jirgi. Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasar juna su zauna har kwana 90 ba biza, muddin suna da takardar tafiya da katin rigakafi. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu, 2025, amma a lokacin ƙungiyar ta umarci ƙasashenta da su ci gaba da karɓar takardunsu da barinsu su yi zirga-zirga har sai an ba da wata sanarwa. Jami'an ƙananan hukumomi su riƙa tuntuɓar ofishin shige da fice a kan halin da ake ciki kafin su ba baƙo amsa.

Wanda ke da awa shida ko fiye a hannunsa yana iya shiga cikin birni, domin tafiyar ba ta da nisa idan hanya a buɗe take. Daga Fagge sai a shiga ta Ƙofar Mata, inda marinar da ake cewa an kafa ta tun 1498 take, ana rina da baba da toka a cikin ramuka kamar yadda aka gada. Daga nan sai babban masallacin Juma'a da Gidan Rumfa, wato fadar Sarkin Kano, wadda Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 ya gina. Kusa da fadar akwai Gidan Makama, gidan tarihin da a cikin awa ɗaya baƙo zai ga tsoffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan sarakuna. Kasuwar Kurmi, ita ma ta zamanin Rumfa, lunguna ne masu ruɗar da baƙo, gara ya shiga da ɗan gari, kuma ya tuna cewa wuƙa ko takobi na ado ba ya shiga jakar hannu. Dutsen Dala sai mai ƙarfin gwiwa da isasshen lokaci. Daga samansa ake ganin abin da ya rage na ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, wadda abin takaici gine-gine da masu ɗibar ƙasa sun cinye da yawa daga cikinta.

Ranar Juma'a hanyoyin da ke kewaye da masallaci da fada suna cushewa tun daga hantsi har bayan an sauko, a ranakun hawan salla kuwa akan rufe wasunsu. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yakan jinkirta tashin jirage ko ya sa a soke su, don haka baƙo ya bar lambar wayarsa mai aiki a wurin kamfanin jirgi, ya kuma komo filin jirgi aƙalla awa uku kafin lokacin tashi.