Kaza da Ƙwanta a Ƙasar Tiga

Kaza ba 'yar ƙasar nan ba ce tun fil azal. Asalinta wata tsuntsuwar daji ce ta ƙasashen gabas, wajen Indiya da bayanta, fatake ne suka yi ta miƙa ta daga hannu zuwa hannu har ta iso ƙasar baƙar fata. An tono ƙasusuwanta a kufan tsohon birnin Jenne, cikin ƙasar Mali, waɗanda suka haura shekara 1,000 a binne. Zabuwa ita ce 'yar gida, don a dajin Afirka aka same ta.

A zamanin da, matan ƙauyukan Bebeji da Kiru da Tudun Wada ba don cin ƙwai suke kiwon kaza ba. Kaza dukiyar mace ce, ita ce asusunta. In baƙo ya sauka a yanka masa zakara, in yaro ya kwanta ciwo a kai ɗaya kasuwa a sayo magani. Mai haƙuri kuwa ta kan tara kaji ta sayar ta sayi akuya. Ƙwan kaza fa iri ne, cinsa ɓarna ne, gama kazar Hausa ba ta yin ƙwai da yawa: sau uku ko huɗu a shekara ta kan saka kamar goma ko sha biyu, sa'an nan ta hau kwanci kwana 21. Cikin 'yan tsakin da ta ƙyanƙyashe shirwa ta ɗauki rabonta, muzuru ya ɗauki nasa. Watakila wannan ne tushen camfin nan da ake cewa yaron da ya saba da cin ƙwai ɓarawo zai zama. Wanda ya ƙago maganar ya san abin da yake tsarewa.

Ƙwan da aka saba ci shi ne na zabi, wanda ya kan cika kasuwa da damina. Da yake zabuwa ba uwar kirki ba ce, sai a zuba wa kaza ƙwanta ta kwanta a kai kamar mako huɗu, ta yi renon 'ya'yan da ba nata ba.

Da Turawa suka zo, ma'aikatan gona suka kawo jajayen zakaru irin na Amurka, ana musayarsu da zakarun ƙauye don a gyara iri. Abin bai yi nisa ba. Baƙon zakara bai iya tonon juji ba, bai san gudun shaho ba, ga shi ba ya jure cuta.

To, cutar nan ita ce babbar magana. Kowace shekara, da hunturu ya buso, sai a ga kaji sun yi tsuru-tsuru, fikafikai a sake, suna zawo kore, wuya ya murɗe, kafin mako guda akurki ya zama wayam. Turawa suna kiranta da sunan garin Niyukasil na Ingila, inda aka gane ta cikin 1926, aka kuma tabbatar da ita a Nijeriya cikin 1952. Mutanen ƙauye sun yi ta jiƙa barkono da sassaƙe a ruwan shan kaji, bai hana ba. Dabarar da ta rage musu ita ce su kwashe kajin zuwa kasuwa da zarar sun ji labarin ta ɓulla a maƙwabta, su sayar da araha, da haka kuwa cutar ke samun hanyar shiga wani gari. Maganinta na gaskiya rigakafi ne, wanda ake yi a ma'aikatar likitocin dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ta zauna can tun 1924. Akwai irin da ake ɗiga wa kaza a ido, akwai na zubawa a ruwa, amma sai an ba ta tun tana lafiya, kafin sanyi ya shigo.

Abinci shi ne na biyu. Gwamna Audu Bako ya sa aka datse Kogin Kano a Tiga, aka fara aiki cikin 1971, aka gama cikin 1974. Ruwan ya cinye gonaki da ƙauyuka, mutane suka tashi, amma ya raya noman rani a Kadawa da Kura. Noman masara kuma ya bunƙasa a Tudun Wada da Doguwa, inda ruwan sama ya fi yawa. Dusa da tsaki suka samu, kaza ta sami abin da za ta mayar ƙwai. A Shika, kusa da Zariya, masanan Jami'ar Ahmadu Bello suka fitar da jar kazar nan Shika Brown, mai saka ƙwai fiye da 200 a shekara in an ƙosar da ita. Masu shayi a tasha suka koya wa jama'a cin burodi da soyayyen ƙwai, camfin da ya yi rauni.

Tara kaji da yawa wuri guda ya zo da nasa haɗari. Cikin watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna, ba a taɓa ganin irinta a Afirka ba sai ran nan. Nan da nan ta shiga Kano, hukuma ta hallaka kaji dubbai aka binne. Ta sake dawowa cikin 2015.

Kazar gidan gona ba ta kwanci, sai an sayo 'yan tsakinta, an sayi abincinta a buhu. Saboda haka har wa yau matar ƙauye, ko ta ajiye jajaye biyar don ƙwan sayarwa, ba ta rabuwa da kazar Hausa guda biyu a gindin rumbu, su ne masu ƙyanƙyasa.