Argungu da Gulbinta

Kowane ɗan makaranta ya ji labarin bikin su na Argungu, amma kaɗan ne cikinku suka san yadda aka yi Kabawa suka zauna a wurin. Mu a ganinmu, wanda ya ba da labarin garin nan ya tsallake gulbi, to, bai faɗi kome ba.

Sarautar Kabi daga Kanta ta faro, wanda ya ƙi bin Askiya na Songhai wajen shekarar 1516, ya gina Surame ya zauna. Daga baya jikokinsa suka koma Birnin Kabi. Cikin 1805 rundunar jihadi ta ci birnin, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yana gaba. Duk da haka ba dukan Kabawa suka miƙa wuya ba. Sarkin Kabi Karari ya kafu a Argungu, yana ta fama har aka kashe shi cikin 1831. Ɗansa Yakubu Nabame ya daɗe a hannun Sakkwato, sa'an nan cikin 1849 ya ɓalle ya sāke tā da garin. Daga nan fa sai yaƙi da Sakkwato da Gwandu, in banda ɗan hutun nan da ake kira Lafiyar Toga, har zuwan Turawa.

Shin me ya hana a ci su? Akwai ganuwa, akwai jaruntaka, amma kada ku manta da fadama. In gulbin Kabi ya cika ya malala, doki ba shi da ta cewa, Bakabe kuwa cikin jirgi ya girma. Ruwan nan da ya tsare mahara shi ne kuma ke ciyar da gari: shinkafa a fadama, gero da dawa a tudu, albasa da rani, ga kifi. Mai rumbu a cike ba a saurin kā da shi da yunwa. Har yau shinkafa ce arzikin garin, cikin 2017 ma aka buɗe babban injin casa a can.

Abin mamaki, sulhun ma a bakin ruwa aka ɗaura shi. Cikin 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Kabawa suka tarye shi da abin da suka fi kowa iyawa, watau su. Mafarin bikin ke nan. Ana yinsa a Matan Fada, inda ba mai shiga sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Da an ba da alama sai dubban masunta su faɗa ruwa gaba ɗaya, kowa da gorarsa da homarsa, ana neman giwan ruwa. Cikin 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ake tattali.