Haɗa kwamfutar wasa da kayan hannu: abin saye da abin gudu

Tambaya ɗaya ce ke yawan zo mana daga Tasawa, Mayahi da ƴan uwa mazauna waje: yaro na son kwamfutar buga ƙwallo, ko don gida ko don ya buɗe ɗan ɗakin wasa ya samu na cefane, me za a saya? Sau da yawa kuɗin gumin wani ne da ke Aljeriya ko Abijan, don haka bai kamata a zuba su a rijiya ba. Farashi yana bin canjin naira da sefa, yau daban gobe daban. Maganar kayan za mu yi.

Hanya mafi sauƙi ita ce a fara da tsohuwar kwamfutar ofis, irin su Dell OptiPlex, HP EliteDesk ko Lenovo ThinkCentre. Kamfanonin Turai da Amurka ne ke sauke su, ana samunsu a Maraɗi, sun fi yawa a titin Beirut da ke Kano. A nemi mai furosesa Core i5, ko da ta zubin 4 ce, wato ta wajen 2013 zuwa 2014. A zaɓi mai babban akwati. Siririyar nan mai kyan gani ba ta ɗaukar kowane katin hoto, sai gajere na musamman, shi kuwa wuyar samu gare shi.

RAM kada ta gaza giga 8, in da hali 16. A kula, zubin 4 DDR3 yake ci, DDR4 ba ta shiga raminsa ko an danna. A sa SSD ta ɗauki Windows, tsohon faifai ya zama rumbun wasanni, don GTA V kaɗai na neman wajen giga 100.

To, katin hoto, nan ne kuɗin suke, nan ne kuma ake cutar mutane. Akwatin wutar kwamfutar ofis ƙarami ne, galibi bai kai wat 300 ba. Shi ya sa muke cewa a tsaya kan katin da ba ya neman wayar wuta ta daban: GTX 750 Ti, GTX 1050 Ti ta 2016, ko GTX 1650 ta 2019. Biyun ƙarshe wat 75 suke ci, kuma sun ishi PES 2021 da GTA V. Mai shago zai iya tallata maka RX 580 da araha, ya ce ta fi ƙarfi. Gaskiya ya faɗa, amma wat 185 take ja, sai an canza akwatin wuta, na Dell kuma bakin wayarsa daban yake da na kasuwa. Ga shi da yawansu sun sha wahala dare da rana wajen haƙar kuɗin intanet kafin su iso nan.

Akwai kuma na jabu. Ana ɗaukar tsohon kati kamar GTS 450 a canza masa suna ya riƙa nuna 1050 Ti. Alama mai sauƙi: 1050 Ti ta gaske ba ta da bakin VGA, shuɗin nan mai ramuka 15. In kun gan shi, ku ajiye. In babu, a sa manhajar GPU-Z ta duba, sannan a kunna wasa a bar shi rabin awa a gabanka. Hoto ya tsage, ko kwamfuta ta mutu da kanta, ciniki ya ɓaci. Wanda ya hana ka gwaji, ka riƙe kuɗinka.

Abin da ya fi kashe kwamfuta a wajenmu wuta ce. Lantarkin yankin nan daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, kuma kowa ya tuna yadda anka yi a 2023 lokacin da Najeriya ta yanke shi. Ko yana nan, hawa da sauka yake. Tun farko a ware kuɗin sitabilaiza, ko ƙaramin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ko da za a rage RAM. Mai sola ya lissafa wajen wat 200 har da allon kallo, ba irin cajin waya ba ne.

Sai zafi da ƙura. A watan Afirilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, da hunturu kuma ƙura na toshe fanka. A ɗora akwatin bisa tebur, kada a ajiye shi ƙasa, a hure shi duk wata, a sa mai gyara ya canza man da ke tsakanin furosesa da fankarta.

Ku ƴan uwa da ke waje, katin hoto, RAM da SSD sun fi sauƙin aikowa da akwati sukutum, suna shiga jakar hannu. In daga Amurka akwatin ya taho, a duba bayansa kafin a jona. Wasu tsofaffi suna da ɗan jan maɓalli mai 115 da 230. Wutarmu 220 ce, in an bar shi kan 115, ƙara ɗaya za ku ji sai hayaƙi. Na Faransa babu wannan matsala.

Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma zubin 8 zuwa sama take nema. Wasa zai ci gaba da tafiya lafiya lau, amma kada a ajiye sirrin asusun kuɗi a kwamfutar da yaran unguwa ke soka wa kile iri-iri.