Daga doka zuwa hular gashi: tarihin rufe zubewar gashi a ƙasar Hausa

Rijiyar Zaki, a ƙaramar hukumar Ungogo, dattawa sun san ta tun tana ƙauye mai gonaki a bayan Kano, kafin birni ya miƙo ya haɗiye ta. Yau idan ka bi titinta za ka ga shagunan gyaran gashi da na kayan kwalliya, an rataye ledojin gashin doki, an kuma jera kawunan roba sanye da hular gashi, wato wig. Yawancin masu saye kwalliyar biki ce ta kawo su. Amma akwai wasu da ke shiga a hankali, su yi magana ƙasa-ƙasa: mai jegon da gashinta ke bin mataji, da wadda goshinta ya ja baya, da wadda ta gama karɓar maganin sankara kanta ya zama fayau. Tambayoyinsu uku ne. Ya halatta? Wanne zan saya? Ba zai ƙarasa cinye ɗan abin da ya rage ba? Ba yau aka fara yin waɗannan tambayoyi ba, kuma tarihinsu yana taimakawa wajen amsa su.

Bari mu fara sallamar maza, don labarinsu gajere ne a nan. Bahaushe mai sanƙo bai taɓa buƙatar gashin aro ba. Wanzami ya yi masa aski ƙwal, ya ɗora hula ko ya naɗa rawani, shi kenan an rufe magana. Har ma akan yi masa barkwanci cewa sanƙo alamar kuɗi ne. Kimiyya dai ta ce gado ne da sinadarin maza. A 1942 wani masanin halittar jiki a Amurka, James Hamilton, ya nuna cewa mazan da aka yi wa dandaƙa kafin su balaga ba sa yin sanƙo, kuma idan aka ba su sinadarin maza, waɗanda ke da gadon sanƙo a danginsu sai gashi ya fara zuba.

A Turai kuwa sanƙo ya jawo babbar sana'a. Sarkin Faransa Louis na 13 ya fara sa hular gashi a wajajen 1624 saboda gashinsa ya zube tun yana matashi, fadawa suka kwaikwaya, abin ya bazu har Ingila, ya zama alamar matsayi. Ragowar wannan yayi shi ne farar hular da lauyoyinmu ke sawa a babbar kotu har gobe, cikin zafin Kano. A 1822 Humphrey Ravenscroft na Landan ya yi rajistar irinta da ake saƙawa da gashin doki. Abin dariya a nan, lauya ne ke sa gashin doki na gaskiya. Wanda mata ke saye da wannan suna, doki bai san da zamansa ba.

Wajen mata ne labarin yake da tsawo. Baturen nan Hugh Clapperton, da ya shigo Kano a watan Janairu na 1824, ya rubuta cewa ya tarar mata suna rina gashinsu da shuni. Wato tun wancan lokaci kai wuri ne na ado da ake kashe masa lokaci da kuɗi. Cikin kitson da, wanda ya fi shafar maganarmu shi ne doka: tudu ne da ake tayarwa a tsakiyar kai daga goshi zuwa ƙeya, a cusa curin tsumma a ciki, a lulluɓe shi da gashin mace. Mai yalwar gashi da mai ƙarancinsa duk za su fito da tudu, ɗankwali ya zauna daram. Acuci-maza da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa a shekarun baya, a ganina jikan doka ne, ya sauko ne kawai daga tsakiyar kai zuwa ƙeya. Ka ga kenan ciko a kai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Abin da aka daɗe ana taƙaddama a kansa shi ne da me aka yi cikon, kuma yaya aka haɗa shi.

Taƙaddamar ta samo asali ne daga Madina, kuma abin lura, daga matsalar rashin lafiya ta fara. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar cewa wata mata ta zo wurin Annabi (SAW) ta ce 'yarta amarya ce, ƙyanda ta kama ta gashinta ya zube, ko za ta iya haɗa mata da wani gashi? Aka hana, da gargaɗi mai tsanani ga mai haɗawa da wadda ake haɗa wa. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da almajiran ilmi ke karantawa a zaurukan Kano, ita ma ta kawo wannan hani.

A yau mun san abin da ya faru da kan wannan amarya. Mutum yana da gashi kusan dubu ɗari a kansa, kuma 50 zuwa 100 suna faɗuwa kullum ba tare da wata matsala ba, domin kowane gashi yana da lokacin girma na shekaru da lokacin hutu na 'yan watanni. Zazzaɓi mai zafi, ko haihuwa, ko tiyata, ko ƙarancin jini, kan tura gashi da yawa hutu a lokaci guda. Bayan wata biyu zuwa uku sai su zubo tare. Saiwar ba ta mutu ba. Yawanci cikin wata shida zuwa shekara gashin yana dawowa da kansa idan an kawar da dalilin. Mai jego da ta ga gashi cike da mataji wata uku bayan suna, mafi yawan lokuta wannan ne ke damunta, kuma abinci mai kyau da haƙuri sun fi mata amfani a kan duk wani abu da za a ɗinka mata.

Malamai ba su tsaya a kan fahimta ɗaya ba. An ruwaito daga Imam Malik cewa hanin ya haɗa da komai, ko gashi, ko ulu, ko tsumma. Laisu ɗan Sa'ad, malamin Masar na zamaninsa, ya ce gashi kawai aka hana, ulu da tsumma ba laifi. Hanafawa sun tsananta a kan gashin ɗan Adam, sun sassauta a kan waninsa. Sai kuma wani bambanci da ya fi jan hankalina. Nafrawi, wanda ya yi wa Risala sharhi a littafinsa Fawakihud Dawani, ya kawo daga Alƙali Iyad cewa abin da aka hana shi ne haɗawa, idan kuwa ɗorawa aka yi a kai ba tare da an haɗa da gashin mace ba, hukuncinsa daban ne. Wasu malamai, irin su Ƙurɗubi, ba su yarda da wannan rarrabewa ba, suna ganin dalilin hanin shi ne yaudara, kuma tana nan ko an ɗora ko an haɗa. A zamaninmu Shaikh Ibn Usaimin, wanda ya rasu a 2001, ya yi fatawa cewa macen da ba ta da gashi sam za ta iya sa hular gashi, domin kawar da aibi daban yake da neman ƙarin kyau. Mu nan ba majalisar fatawa ba ce, wannan sai a koma ga malamai. Amma riƙe wannan bambanci na ɗorawa da haɗawa, za mu sake cin karo da shi a asibiti.

Abin da ya sauya kasuwar gaba ɗaya a ƙarni na 20 abu biyu ne. A 1952 wata baƙar fatar Amurka, Christina Jenkins, ta sami rajistar dabararta ta ɗinka ƙarin gashi a jikin gashin mutum, maimakon maƙala shi da fil. A 1957 kuma wani kamfanin Japan, wanda yanzu ake kira Kaneka, ya fara fitar da zaren roba mai suna Kanekalon. Shi da ire-irensa su ne gashin dokin da ke cike kasuwar Sabon Gari. Gashin mutum na gaskiya, mai tsadar, da yawansa daga Indiya yake fitowa, inda masu ziyarar wurin bauta na Tirumala ke aske kawunansu a yi gwanjon gashin, sannan masana'antun birnin Xuchang na ƙasar Sin su sarrafa su aiko Afirka. Wanda ya damu da hukuncin gashin ɗan Adam ya kamata ya san wannan kafin ya biya kuɗi.

To, ga inda gizo ke saƙa. Tun a 1907 wani likita ɗan Ostiriya, Rudolf Trebitsch, ya bayyana yadda matan tsibirin Girinland ke rasa gashin gefen kai saboda ɗaurin da suke yi masa tamau. Jan gashi na tsawon lokaci yana kumbura saiwa. Da farko ana ganin ƙananan ƙuraje da ja a bakin goshi. Idan aka saki, gashi ya dawo. Idan aka ci gaba shekara da shekaru, saiwar ta mutu, tabo ya maye gurbinta, kuma babu man da zai tsirar da gashi a kan tabo, komai tsadarsa. Farfesa Nonhlanhla Khumalo ta Jami'ar Cape Town ta auna girman matsalar a unguwar Langa ta Afirka ta Kudu, ta wallafa a 2007: kashi 17.1 cikin ɗari na 'yan mata 'yan makaranta, da kashi 31.7 na manyan mata, suna da irin wannan zubewa. Haɗarin ya fi yawa idan aka ɗora kitso mai nauyi ko ɗinki a kan gashin da aka riga aka miƙar da man rilaksa. Waɗannan alƙaluma ba na Kano ba ne, amma kitson da man duk iri ɗaya ne da namu.

Ka duba yadda abin ke zagayawa. Goshi ya ɗan ja baya, sai a ƙara gashin doki don a rufe. Nauyinsa ya rataya a kan 'yan gashin da suka rage, su ma su tafi. Sai a koma hular gashi a manna bakinta da gam daidai wurin da ya fi rauni, ranar cirewa gam ya tafi da sauran. Wasu gam ɗin ma suna da sinadarin roba da ke tayar wa wasu mutane borin jini. Likitocin fata, ta tasu hanyar, sun iso ga rarrabewar da Alƙali Iyad ya yi: abin da aka ɗinka ko aka manna a jikin gashi shi ne mai ɓarna, wanda aka ɗora ake cirewa ya fi sauƙin illa.

Saboda haka wadda ta yanke shawarar sawa, matakin farko shi ne ganin likitan fata, a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ko wani wuri, a gano dalilin zubewar. Idan makero ne ko wata cutar fatar kai, rufe ta cikin gumi ƙara mata ƙarfi ne. Sannan awo. A ɗauki tef irin na tela a zagaya kai daga bakin goshi, ta saman kunne, zuwa ƙeya. Yawancin manya suna faɗawa tsakanin santimita 54 zuwa 57. Hular da ta matse tana goge gashin gefe, wadda ta yi yawa kuma sai an danne ta da fil da ƙananan mataji, su ma suna cizon wuri ɗaya kullum. Mai igiyar daidaitawa a baya ta fi, tare da siririyar hula ta auduga ko siliki a ƙasa, musamman ga wadda kanta ba gashi, don fatarta ba ta jure ƙaiƙayin raga. Ga zafinmu na Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, gindin hular ya zama raga mai shan iska, gashin kuma gajere marar nauyi. Na roba ya fi araha kuma yana riƙe fasalinsa, amma hucin murhu yana ƙanƙance shi. Na mutum yana daɗewa, sai dai yana son wanki da gyara kamar na kai.

Kitson da ke ƙarƙashi ya zama manya kuma sako-sako, a bar gashin bakin goshi kada a kama shi. Da dare a cire, kai ya sha iska, wanda kuma yana sauƙaƙa alwala da wanka. Awon da Khumalo da abokan aikinta suka fi jaddadawa ba ya buƙatar na'ura: kitson da ya sa miki ciwon kai, ko ya ɗaga fatar goshi, ko ya fito da ƙuraje, ko ya hana ki kwanciya sai kin sha farasitamol, ya riga ya fara taɓa saiwa, kuma a ranar ya kamata a tsefe shi, ba bayan biki ba.